Wankin zinare a rafi: yadda ake yi, da inda ya kamata a tsaya

Tambaya: Wani malamin makaranta daga ƙasar Yawuri ya rubuto ya ce: "Nakan ga Turawa a waya suna shiga rafi da kwano ranakun hutu, suna wanke yashi suna samun zinare, wai don sha'awa kawai. Akwai rafi a bayan garinmu da tsofaffi ke cewa an wanke zinare a cikinsa zamanin Turawa. Abin gaskiya ne? Zan iya gwadawa, har in tafi da ɗalibaina? Ta ina zan fara?"

Amsa: Malam, abin da kake gani gaskiya ne, kuma babu wani asiri a cikinsa. Kwano, ruwa, haƙuri da sanin inda za a ɗebi yashi, su ke nan. Maganar tsofaffin garinku ma tana da tushe, domin Bin Yawuri na cikin wuraren da aka daɗe da sanin akwai zinare a Najeriya, tare da Maru, Anka, Malele, Tsohon Birnin Gwari, Gurmana, da Iperindo can ƙasar Ijesha. Wajen 1913 aka fara lissafin zinaren da ake fitarwa daga ƙasar nan, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, sannan yaƙin duniya na biyu ya karya ta, kuma mafi yawan abin da aka samu a lokacin daga yashin rafuka da tsofaffin gaɓoɓi aka wanko shi. Zan faɗa maka yadda ake yi dalla-dalla. Amma akwai iyakar da zan shata maka daga baya, kuma ita ce na fi so ka riƙe, don tsallake ta ya ci rayukan yara da yawa a maƙwabtanku.

Su waɗancan da kake gani a waya gado suka taras. A Janairun 1848 wani kafinta mai suna James Marshall ya tsinci ƙwayoyin zinare a magudanar wani injin yanka katako a Kalifoniya, mutane suka yi ta kwarara can daga ko'ina a duniya. A 1851 irin haka ta faru a Ostareliya, inda a 1869 aka tono curin zinare mai nauyin kusan kilo 72 a jihar Biktoriya, dab da saman ƙasa, a gindin wata bishiya. Manyan ƙwayoyin an tsince su tuntuni, sai dai duk shekara ambaliya na sake zubo ɗan abin da ya rage cikin rafukan, jikokin waɗancan mahaƙa kuwa suka mai da abin fitar ƙarshen mako. A Biktoriya takardar izini mai araha ake saye a shiga rafi. A Finlan har gasar duniya aka fara a 1977: a ba kowa bokitin yashi da aka ɓoye 'yan ƙwayoyin zinare a ciki ba tare da an gaya masa adadinsu ba, wanda ya fi sauri ya ci, duk ƙwayar da ta sulluɓe maka kuma a ƙara maka mintuna a matsayin hukunci. Kusan dukkansu suna da aikin da ke ciyar da su. Kuɗin man da suke ƙonawa zuwa rafin yakan fi abin da suke komawa gida da shi.

Sana'ar gaba ɗaya a kan nauyi ta tsaya. Gorar lita ɗaya in ka cika ta da ruwa kilo 1 ce. In dunƙulen farin dutse ne mai wannan girman, irin wanda yashi ke fitowa daga gare shi, kilo 2.65 ne. Ƙarfe kilo 7.9, dalma kilo 11.3, zinare kuwa kilo 19.3. Ka ga ya ninka yashi sau bakwai da ɗoriya. Cikin ruwa ratar ta fi haka, saboda ruwa na rage wa kowane abu nauyi daidai da girman wurin da ya cika: zinare ya koma 18.3, yashi ya koma 1.65, ninki ya zama goma sha ɗaya. Dalilin da ya sa ake wanki cikin ruwa ke nan. Ga shi zinare ba ya tsatsa, ba ya narkewa a ruwa, sai dai duwatsu su daddake shi ya baje. Dutsen da ya haife shi zai ruɓe ya zama ƙasa, shi yana nan yadda yake, ruwan sama na gangaro da shi sannu a hankali har ya faɗa rafi.

Ba kowane rafi ne ke da shi ba, kada ka wahalar da kanka a banza. Zinaren Najeriya yawanci yana cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa wasu tsofaffin duwatsu masu ɓawo-ɓawo, waɗanda in ka fasa su suke rabuwa falle-falle. Waɗannan duwatsun sun miƙa ne zara-zara daga arewa zuwa kudu a yammacin ƙasar, ta Zamfara, kudancin Kebbi, Birnin Gwari, jihar Neja, har Kwara, Kogi da Osun. Wanda yake cikin rairayin Gwadabawa ko yankin tafkin Chadi, inda ƙasa mai kauri ta binne tsohon dutse, zai wuni yana wanki bai ga komai ba. Kai kana gefen da ya dace. Duk da haka ka bi rafin naku da ƙafa tukuna, ba kwano ba shebur. Ka duba ko akwai tsakuwar farin dutse, musamman mai jan tsatsa da ƙananan ramuka a jikinta. Ka duba ko baƙin yashi na kwanciya layi-layi a gefen ruwa. Ka nemi tsofaffin ramuka da tulin tsakuwa da ciyawa ta rufe, don su ne sawun masu wankin da. Mafi kyawun taswira ita ce dattijon da ya ga aikin da idonsa yana yaro, ka kai masa goro ya nuna maka gurbin.

Sai karatun ruwa, kuma a nan ake bambanta wanda ya iya da wanda yake jiƙa wando kawai. Ruwan kaka da na rani ba sa motsa zinare, ambaliya ce kaɗai ke iya ɗaukarsa. Don haka in ka je rafi a Nuwamba ko Disamba, wanda shi ne lokacin da ya fi dacewa, kada ɗan ruwan da ke gabanka ya ɗauke maka hankali. Ɗaga kai ka ga yayi da ledojin da suka maƙale a rassan itatuwa, nan ne ruwan Agusta ya kai. Daga nan ka ƙiyasta ta ina ya bi da ƙarfi, a ina kuma ƙarfinsa ya karye. Duk inda ruwa mai gudu ya yi sanyi farat ɗaya, abu mai nauyi ne ke fara faɗuwa.

A kwanar rafi, ruwa na cin gaɓar waje yana zubar da kaya a ta ciki, saboda haka tulin tsakuwar cikin kwana ake nema, kuma daga kansa na sama inda manyan duwatsu suka taru, ba jelarsa mai laushin yashi ba. Bayan babban dutsen da ambaliya ba ta iya turawa akwai inda ruwa ke juyawa ya huce, nan ma a duba. Haka inda rafi ya fito daga matsatsi ya buɗe, da inda ƙorama ta haɗu da uwar rafi. Ƙa'idar da nake ba masu koyo ita ce zinare na tafiya da manyan abokai: inda ka ga duwatsu kamar kan mutum sun cushe da baƙin yashi, da tsofaffin ƙusoshi da guntayen ƙarfe masu tsatsa, to masu nauyi a nan suke sauka. Lallausan farin yashin da magina ke so, ka bar musu abinsu.

Ko ka sami gurbin, saman ba shi ne wurin ba. Duk lokacin da ambaliya ta girgiza tsakuwa, zinare na nitsewa har sai ya tarar da abin da ba zai iya ratsawa ba, ko fa, wato shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashi, ko shimfiɗar yumɓu mai tauri. Tafin hannu ɗaya na ƙasar da ke kwance a kan fa ya fi kwanon sarki goma na yashin sama. In fa ɗin a fili yake, nemi tsagogin da suka gitta hanyar ruwa, ka sa tsohon cokali da lanƙwasasshiyar waya ka kwakwulo duk abin da ke ciki har ƙasa, ka goge da tsohon buroshi. Ramukan nan masu santsi kamar turmi da ruwa ke haƙawa a jikin fa suna ruɗin mutane, amma galibi ba su riƙe komai, duwatsun da ke juyawa a ciki na niƙe abin ruwa ya fitar da shi. Saiwar ciyawar gaɓa kuma na kama ƙurar zinare, a tuge ta a wanke cikin kwano. Kada ka manta da tsofaffin gaɓoɓi: wani lokaci za ka ga layin mulmulallun duwatsu a jikin tudu, sama da ruwan yanzu da kamu da yawa. Tsohuwar hanyar rafin ce, kuma sau da yawa ba a taɓa ta ba.

Kayan aiki ba su da yawa: shebur, rariya mai manyan idanu, maganaɗisu, ƙaramar kwalba mai murfi, da kwano mai faɗin baki da gefe a kishingiɗe. A filayen kuza na Jos da ƙwarya aka yi ta wannan aiki shekara da shekaru, kuma har gobe tana yi. Roba mai duhun launi, baƙa ko shuɗiya ko kore, ta fi nuna zinare. In na ƙarfe ne, a ƙona shi a wuta tukuna don maiƙon jikinsa ya tafi, kuma kada a ɗauko wanda aka taɓa zuba miya a ciki. Maiƙo na sa ƙurar zinare ta yi iyo a saman ruwa ta tafi, duk nauyinta.

Wankin kansa, duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mace tana rege shinkafa ya ga rabinsa, sai dai ita tsakuwar da ta kwanta take zubarwa, kai kuwa abin da ya kwanta kake nema. Ka tace ƙasar da rariya, ka cika kwano bai kai baki ba, ka zauna inda ruwa ke tafiya a hankali, ka nutsa shi gaba ɗaya. Sa hannu ka murje yumɓun sarai har ruwan ya daina kauri, domin curin yumɓu na haɗiye zinare ya mirgina da shi waje. Daga nan ka girgiza kwanon hagu da dama da ƙarfi, yana cikin ruwa, har ka ji kayan ciki sun saki suna motsi kamar kunu. A wannan girgizar ce zinare ke sauka, kuma ita ce masu koyo ke gajartawa. Sai ka karkata bakin kwanon gaba kaɗan, ka tsoma ka ɗaga, ka tsoma ka ɗaga, ruwan da kansa ya share saman yashin. Sau uku ko huɗu, ka daidaita kwanon, ka sake girgizawa. Share, girgiza, share, girgiza. Kada ka zubar da yashi da hannunka, ruwa ne zai ɗauka.

Sannu a hankali launin abin da ke cikin kwanon zai sauya. Farin yashi ya ƙare, ja-ja ya biyo, wani lokaci da 'yan ƙwayoyi masu launin jan garura, daga ƙarshe a bar ka da cokali biyu ko uku na baƙin yashi mai nauyi. Nan sai a fito da kwanon daga rafi da ɗan ruwa a ciki. Tara baƙin yashin gefe guda, ka ƙwanƙwasa bakin kwanon ta wannan gefen da tafin hannu, sannan ka juya ruwan a hankali ya zagaya. Baƙin zai ja baya kamar jela, in akwai rabo kuma sai ka ga ɗigo-ɗigon rawaya a can kan layin, sun kafe, ruwa na wucewa ta kansu ba su motsi. Busasshen ɗan yatsa za ka ɗora a kai, ƙwayar ta manne, ka tsoma a kwalbar ruwa ta faɗa. Ɗigon ruwan sabulu ɗaya cikin kwanon na nutsar da masu iyo.

Kafin ka je rafi, gwada hannunka a gida. Yanka wayar jan ƙarfe ta lantarki gutsi-gutsi kamar ƙwayar gero, ƙirga goma, cuɗa su da yashin gini a kwano, ka wanke cikin baho. In goma suka fito, hannunka ya faɗa, don jan ƙarfe bai kai rabin nauyin zinare ba. In bakwai suka fito, sauran ukun na cikin bahon, sake. Wannan kuma shi ne amsata game da ɗalibai: ku yi shi a harabar makaranta, darasin kimiyya ne da ba za su manta ba. Amma ban ba ka shawarar kai su rafi neman zinare ba. A garuruwan haƙa na ga yadda aji ke watsewa da zarar yaro ɗaya ya sayar da ɗan abin da ya wanko ya sayi waya.

Abu biyu za su ruɗe ka. Na farko ɓawon nan mai ƙyalƙyali da ke cika yashin rafukanmu, wanda a rana sai ka rantse zinare ne. Ba shi da nauyi, da ruwa ya motsa sai ya tashi yana jujjuyawa. Kare kwanon da inuwar hannunka: shi zai dushe, zinare kuwa rawayarsa na nan ko a inuwa, don shi ba walƙiya yake yi ba, launi ne da shi mai kauri. Na biyu wani dutse ne mai ruwan tagulla, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda yakan zo da kusurwoyi huɗu tsaf kamar an yanka. Allura ce alƙali. Danna ta a kan ƙwayar: zinare zai lotsa ko ya baje, ɓawon zai rabu falle-falle, mai ruwan tagullar zai farfashe ya zama gari. In ƙwayar ta isa a riƙe, goga ta a bayan tayil inda ba santsi, zinare zai bar layin rawaya, ɗayan ya bar baƙi mai ratsin kore. Maganaɗisu a cikin leda zai janye maka yawancin baƙin yashin, sai dai a busar da shi tukuna, kuma a maimaita, don dunƙulen da ya kama kan tafi da ƙurar zinare a tsakiya. Gwajin asid aikin maƙerin zinare ne, kada ka kawo shi gida. In kuma wani ya zo maka da garin rawaya a ƙullin leda yana neman kuɗi da gaggawa, ka tuna gogaggen tagulla ma haka yake a ido.

Siffar ƙwayar na ba da labari. Wadda ta baje ta yi sumul ta sha tafiya. Mai kaushi da ƙahonni, balle wadda farin dutse ke manne da ita, ba ta yi nisa da gida ba. Masu bincike haka suke bin rafi sama, kwano bayan kwano, suna ƙirga ɗigo. Adadi na ƙaruwa, ƙwayoyi na ƙara kaushi, sai a wani wuri su ɗauke ɗif. To an wuce mafarin, yana cikin tudun dama ko na hagu.

Nawa za ka samu? Kaɗan. Yawancin abin da kwano ke kamawa ƙura ce da sai an tara dubbai kafin ta kai giram ɗaya. Ka tuna manyan kamfanoni na cin riba a dutsen da giram 1 zuwa 5 kaɗai ke cikin tan guda, saboda suna niƙa dubban tan a rana, kai kuwa kwanonka 'yan kilo yake ɗauka. Nisabin zakkar zinare kimanin giram 85 ne, kuma mai wankin sha'awa zai iya tsufa bai kusance shi ba. In ka shiga da niyyar sanin ƙasarku da jin daɗin ganin ɗigon farko, ba za ka yi asara ba.

Ga iyakar da na ce zan shata. Wanda ya ga ɗigo a kwano, zuciya kan ce masa ya bi shi har jijiyar dutsen, ya faso, ya kai gida ya daka. Kada ka yi. Zinaren rafi ruwa ya riga ya raba shi da uwarsa ya wanke shi. Na cikin dutse kuwa yana tare da abokan zamansa, kuma a wurare da dama na yankinmu abokin nan dalma ce, dangin dutsen nan mai sheƙi da ake yin kwalli da shi. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi. Da aka bincika sai aka gano farashin zinare ne ya tashi, mutane suka riƙa kawo dutse cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta bi kwanukan abinci, ta bi ƙasar da masu rarrafe ke wasa a kai suna kai hannu baki. A wasu wuraren dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega da maƙwabtansu, dubbai suka rayu da gubar a jini, wasu da lahani a ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema, ba wanda ya gaya musu. Kai yanzu an gaya maka. Dutsen haƙa ba ya shiga gida, ba ya shiga turmi, kuma tufafin da aka yi aiki da su ba a rungumar yaro da su.

Iyaka ta biyu ita ce zaiba, wato merkuri. Za a ce maka in ka zuba ta cikin baƙin yashi za ta tattaro ƙurar zinaren, ka matse a ƙyalle, ka ƙona curin a cokali zinare ya fito. Haka ne, tana yi. Amma zaibar da ta bar cokalin tururi ta zama, marar launi marar wari, ta shiga huhun mai ƙonawa da na duk wanda ke kusa, ta lafe a bango da rufin ɗaki. Tana kawo makyarkyatar hannu da mantuwa, tana cin ƙoda, tana lahanta ɗan da ke ciki. Wadda ta zube a ruwa kuma ƙwayoyin halitta na laka kan juya ta zuwa nau'i mafi muni da ke taruwa a jikin kifi, irin abin da ya nakasa mutanen Minamata a Japan a shekarun 1950, har aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunan garin, Najeriya kuma na cikinta. Ku mutanen Yawuri kifi ne abincinku da kasuwarku, rafin bayan garinku kuma kogin Kwara yake nufa. Mai kwano ba ya buƙatar zaiba ko kaɗan, abin da ido ya gani yatsa zai ɗauka. In ka ga ƙwayar zinare ta yi fari kamar azurfa, ko wasu 'yan ƙwallaye masu sheƙi na gudu a gindin kwano, to wani ya taɓa aiki da zaiba a sama da kai. Rufe su cikin kwalba da ruwa, kada ka kai su wuta, kuma ka bar wannan wurin, yashinsa na iya ɗauke da dalma ma.

Rami kuma kada ya wuce ƙugu, kada a yi wa gaɓa kogo ta ƙasa. A Nuwamban 2021 rami ya rufta da mutane a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla 18 suka rasu, a Yunin 2024 kuma aka yi irin wannan rashi a Galadima Kogo ta Shiroro. In hadari ya haɗu a sama da rafi, fito, ko da ɗigo bai sauka a kanka ba. Sa takalmin roba mai tsawo saboda tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. Duk ramin da ka tona ka cike shi kafin ka tafi, dabbobi na shan ruwa a nan.

Sauran doka da mutane. A nan mun bambanta da Amurka da Ostareliya, domin dokarmu ba ta ware wa mai sha'awa wani gurbi ba. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan ƙasa, ko a gonarka suke, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta hana nema ko haƙa ba tare da izini ba. Mafi sauƙin izini shi ne na binciken farko, na shekara guda, wanda ke ba da damar zagayawa da ɗaukar ɗan samfuri daga sama. Na ƙananan mahaƙa daban ne, ɗan ƙasa ko ƙungiyar haɗin gwiwa na iya nema. Ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ke bayar da su, kuma kowace jiha na da jami'in ma'adinai na tarayya. Fara da shi, don zai iya gaya maka ko rafin naku na cikin filin da aka riga aka ba wani. Sannan ka sanar da mai gari da mai gonar da za ka ratsa. Batun tsaro kuwa ka fi ni sanin dajinku. Zamfara sai da aka haramta haƙa gaba ɗaya daga Afrilun 2019 zuwa Disamban 2024 saboda yadda zinare ya cuɗe da ta'addanci. Rafin da ba za ka je noma kusa da shi hankali kwance ba, kada ka je shi da kwano.

In ka dace da wani abu, ka iya bakinka, kuma kada ka ɗora hoto a Facebook. A 2014 labarin zinaren Jado ya fita, cikin makonni dubban mutane suka cika wannan lungun hamada na arewacin Nijar, balle rafin da ke bayan gari. Ka riƙe littafi, kana rubuta wurin da ka ɗebi kowane kwano, zurfinsa, da ɗigo nawa ka ƙirga. In ka ga wuri ɗaya na ba da ɗigo masu yawa a kai a kai, musamman masu kaushi, to abin ya wuce sha'awa. Ɗauki littafin da samfurin baƙin yashin ka koma wurin jami'in ma'adinai, ka nemi a kai samfurin ɗakin gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da ke Kaduna, kuma ka ce a auna dalma tare da zinaren.